Fuskar da Kyamara Ba Ta Ɗauka Ba

Autan Kafinta ya fita da babur ɗinsa na haya wata safiya, bai dawo ba. Ba a ga babur ba, ba a ga gawa ba, in an kira wayarsa sai muryar wata mata ta ce a kashe take. An zaga asibitoci, an leƙa ɗakin ajiye gawa, an kai rahoto wurin 'yan sanda, suka rubuta, suka ce a koma gida a saurare su. Abin da ya rage a hannun iyali bidiyo ne guda uku da aka roƙo daga mutanen titin da aka yi wa Auta ganin ƙarshe. Ɗaya daga kyamarar gidan mai, ɗaya daga kyamarar da mai kemis ya maƙala a saman ƙofarsa, ɗaya kuma daga wayar wata mata da take ɗaukar ɗanta yana koyon tafiya, Auta ya gifta ta bayan yaron da fasinja a babur.

Yayar Auta aikinta gyaran bidiyo ne, a wani situdiyo da ke saman shagon tayoyi. A wurin aiki Edita ake ce mata. Ubanta kuwa Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ɗakin aikin ƙarami ne, ba taga, an lilliƙa kwalayen ƙwai a bango don su shanye amo. Akwai fanka a kusurwa mai juya kai dama da hagu kamar tana ƙin wata magana. Akwai kuma wata tsaka da ke zaune a bayan kwamfuta, takan fito ta bi 'yar kibiyar da ke yawo a kan gilashin kwamfutar tana kai mata cafka, ba ta taɓa kamawa ba, ba ta kuma taɓa haƙura ba.

Nan Kafinta ya hau, ya zauna a kujerar baƙi da garin katako a gashin hannunsa, ya ce, "Uwata, haɗa mini su wuri ɗaya. Ina so in ga tafiyarsa daga farko har inda ya ɓace."

Shi bidiyo ba motsi ba ne. Hotuna ne tsayayyu a jere, ana wucewa da su da sauri har ido ya yarda cewa abin yana tafiya. Kuma kowace kyamara da irin saurinta. Wayar matar nan tana ɗaukar hoto talatin a sakan ɗaya. Ta gidan mai ashirin da biyar. Ta mai kemis tsohuwa ce mai rowa, goma kacal take ɗauka, sauran lokacin idonta a rufe yake. In za a haɗa su a layi ɗaya dole su bi sauri ɗaya, kuma wanda aka fara jefawa a layin shi ne ke yanke saurin. Edita ta fara jefa na waya don ya fi fitowa, sai layin ya zama na talatin. Na kemis da ya zo da goma, sai manhajar da take aikin da ita ta riƙa maimaita kowane hoto sau uku don ta cike gurbi.

Suka kalla. A na gidan mai Auta ya sha mai shi kaɗai, yana wasa da makulli. A na waya ya gifta da mutum a bayansa, an ga rigar mutumin mai duhu, ba a ga kansa ba. Da aka zo na kemis, wanda ya fi kusa da titi, sai babur ya fara tsalle. Yana nan, sai ga shi can gaba, sai ga shi can gaba kuma, har ya fice ta gefen gilashi.

Kafinta ya murtsuke ido. "Wannan ba tuƙin ɗana ba ne. Auta ba ya tsalle kamar fara. Kaina ma ciwo yake. Ba a gyarawa?"

"Ana gyarawa, Baba."

Akwai wani ɗan akwati a manhajar da take dannawa kullum in masu talla sun kawo bidiyo mai tsalle. In an danna shi, manhajar ba ta maimaita hoto. Sai ta dubi na gaba, ta dubi na baya, ta yi lissafin abin da ya kamata ya kasance a tsakaninsu, ta zana shi da kanta. Masu talla suna son haka ƙwarai. Hannun Edita ya saba, ya danna kafin ma ta yi tunani, ta kuma rage saurin don tsoho ya gani da kyau.

Yanzu babur ya zo a hankali, sumul, kamar a kan ruwa. Tayoyin suna juyawa baya alhali babur yana gaba. Wata leda ta tashi a iska ta narke ta sake haɗuwa. Fasinjan ya fara juyo da kansa wajen kemis.

"Tsaya," in ji Kafinta. "Koma baya kaɗan. Kaɗan. Nan."

Fuska ce, ba ta fito sosai ba, amma fuska ce. Kuma daga gefen ido zuwa kunne akwai farin tabo mai ɗan lanƙwasa.

Mutum ɗaya suka sani mai wannan tabo. Ƙanin Kafinta ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai walda, wanda ƙarfe mai zafi ya taɓa lasar fuskarsa tun yana saurayi. Edita Baffa take ce masa. A wurinsa Auta ya yi koyon aiki kafin ya watsar ya kama babur, kuma ranar da ya watsar Baffa ya mare shi a gaban mutane, ya ce, "Babur ɗin nan ne ajalinka." Kowa a gidan ya ji maganar, kowa ya manta da ita, sai yanzu. Shi ne kuma wanda ya rufe shagonsa ya bi Kafinta asibiti-asibiti, shi ya ɗaga zane daga fuskar gawarwaki lokacin da hannun yayansa ya kasa.

Kafinta ya ƙura wa hoton ido. Fanka ta juyo gare shi, ta juya. Sai ya miƙo wayarsa. "Sa mini wannan a nan. Hoton kawai."

Ta sa. Ita ma ta ga abin da ya gani.

Washegari maigidan situdiyo ya ba ta tallan sabulu ta ƙarasa. Wata mata ce tana wanke hannu, an ɗauka da kyamara biyu masu sauri daban, an danna ɗan akwatin nan. Maigida ya leƙo ta kafaɗarta yana shan shayi, ya tuntsire da dariya.

"Edita, wannan sabulun zai yi kasuwa. Dubi, yana tsirar da yatsa. Ƙirga mana!"

Ta tsayar. Hannun matar yatsu shida gare shi. Ta matsa hoto ɗaya gaba, biyar. Ta dawo baya, shida. Ta san wannan tun tuni, ta sha gyara irinsa, manhajar takan ruɗe in abu biyu suka gifta juna, ta kwaso na nan ta liƙa a can. Sai hoton jiya ya faɗo mata a rai. Ta rufe tallan ba tare da ta adana ba, ta buɗe bidiyon kemis na asali, wanda ba a taɓa ba, ta bi shi hoto-hoto.

A hoto ɗaya fasinjan ya ba da ƙeya, kansa dunƙule baƙi, a bayansa can tsallaken titi akwai allon wani shagon aski mai farin rubutu, wutsiyar wani harafi tana daf da kunnensa. A hoto na gaba babur ya yi nisa, kan mutumin ya ɗan juyo amma duk ya goge, ba ido ba hanci. Tsakanin waɗannan biyun babu komai. Kyamarar mai kemis idonta a rufe yake a lokacin. Manhajar ce ta ƙago hotuna biyu ta cusa a wurin, ta janyo wutsiyar harafin mai aski ta shafa wa mutumin a kumatu.

Ta ɗauki kwamfutarta ta hannu ta sauka da gudu, har mai taya yana tambayarta ko gobara ce.

Kafinta yana rumfarsa yana goge wani katako da ya riga ya yi santsi. Ta ajiye kwamfutar a kan benci, ta share garin katako da gefen mayafinta.

"Baba, ka duba nan. Hoton jiya ba gaskiya ba ne. Kyamara ba ta ɗauke shi ba."

"To wa ya ɗauke shi?"

"Ba wanda ya ɗauka. Kwamfuta ce ta zana. Ka ga wannan, ka ga wannan? Su biyu kaɗai ne na gaske. Na tsakiyar cikon gurbi ne."

Ya sunkuya ya duba. Ta nuna masa allon mai aski, ta nuna masa wutsiyar harafin, ta yi gaba ta yi baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe.

"Jiya akwai fuska, yau babu. Ke kika cire."

"Ban cire komai ba, Baba. Wannan shi ne yadda mai kemis ya ba mu."

"Uwata, na san kina son Baffanki. Shi ya saya miki kwamfutar farko. Amma Auta ƙaninki ne, a bayanki ya yi barci."

"Wallahi Baba..."

"Kar ki rantse. Ita na'ura ta san ƙanena ne? Sun taɓa faɗa? Cikin duk fuskokin duniya, don me za ta zana tasa?"

"Ba tasa ta zana ba. Fari ta gani ta ja. Mu ne muka ga Baffa."

Ya koma kan katakonsa. Bai ɗago ba ya ce, "Ni ban ce kowa ya yi komai ba. Na dai nuna wa Ciyaman, tunda yaronsu ne."

Ciyaman shi ne shugaban 'yan babur na mahaɗar da Auta yake tsayawa. Edita ta same su ƙarƙashin wata rumfar kwano, sun jera babura, wasu na kwance a kan sirdi. Da suka gan ta suka miƙe, don suna girmama ta saboda Auta.

"Yayarmu! Sannu da aiki. Ke kika tona asirin mugu."

Wani ya miƙo mata waya. Hoton ne, amma ya riga ya canza. An zagaye fuskar da jan layi, an ƙara mata haske, an ajiye hoton Baffa na wani taro a gefe. Da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ya ƙara dusashewa, kuma abin mamaki, duk dusashewar da ya yi sai ya ƙara kama da shi.

Ta buɗe kwamfutar a kan tankin wani babur, ta yi musu bayani kamar yadda ta yi wa ubanta. Goma, talatin, gurbi, ciko. Suka taru suna kallo. Ta kunna na asali mai tsalle, ta kunna wanda aka gyara.

Ciyaman, mai ƙaton ciki da usur a wuya, ya ce, "Tsaya, ƙanwata. Kina nufin wannan mai rawar sanyi shi ne gaskiya, wannan mai kyau shi ne ƙarya?"

"Haka ne."

"Kai, ka ji wata sabuwa," in ji wani dogo daga baya. "Ni ma in na sha mai na gaske babur yana tsalle, in na sha gurɓatacce sai ya tafi sumul."

Aka yi dariya, amma ba mai daɗi ba.

"Ku ba ni hoton kowannenku yana wucewa gaban allon nan," in ji ta, "zan fito muku da tabo a fuskarsa. Har kai, Ciyaman."

"Ni ban mari Auta ba. Ban ce babur ne ajalinsa ba." Ya rufe mata kwamfutar da yatsa ɗaya, a hankali. "Cikin watannin nan yaranmu nawa aka ɗauka ba su dawo ba? Kullum a ce ba shaida. Yau ga shaida ta fito daga hannun 'yar gida, sai kuma 'yar gida ta ce a mayar. Je ki gida, ƙanwata. Tambaya kawai za mu yi masa."

Tana barin wurin ta kira Baffa. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika wayar. Kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun aiki, sai da ta ɗaga murya a tsakiyar titi.

"Baffa, ka rufe shago ka tafi wani wuri! Ko kwana kaɗan ne!"

"In tafi ina? Ƙofar mutane ce a hannuna, gobe za su zo ɗauka."

"Akwai hoto yana yawo. Suna cewa kai ne a bayan Auta."

"Na gani, an turo mini." Ya kashe injin, muryarsa ta fito sarai. "Ni da ban taɓa hawa babur ɗin yaron nan ba don haushi? Ai ko mahaukaci ya san ba ni ba ne. Wancan ma ya fi ni kaurin wuya."

"Baffa, ba wasa ba ne."

"In na gudu na zama shi ke nan, 'yata. Yaya ya san ni. Tare muka kwana tabarma ɗaya. Ki ce masa ya kira ni."

Ba ta iya gaya masa daga wayar wa hoton ya fita ba. Ta kira ubanta, ya ƙi ɗauka. Ta shiga ofishin 'yan sanda, na kan tebur ya saurare ta har ta kai ga goma da talatin, sai ya ce ta rubuto a takarda ta kawo wa babba in ya dawo. Ta fito ta tsayar da babur, mai babur ya dube ta ya gane ta, ya wuce. Na biyu ma haka. Ta tafi da ƙafa, kwamfuta rungume a ƙirji, rana tana dukan ƙeyarta.

Tun daga nesa ta ga babura sun cika bakin layin masu walda. Kafin ta ƙarasa sun fara watsewa, kowa yana tayar da injinsa ba ya kallon ɗan'uwansa. Ƙofar da Baffa yake haɗawa tana kwance a ƙasa, shi kuma yana gefenta. Sun tambaye shi inda Auta yake, ya ce bai sani ba, suka sake tambaya da sandunan ƙarfen da ya yanka da hannunsa. Gilashin waldarsa yana rataye a ƙusa, ko ƙura bai taɓa shi ba. Rediyon shagon yana ta ba da labarin wasanni.

Bai mutu ba. Likita ya ce hannun dama ya karye wuri uku kuma ba zai ƙara riƙe abu mai nauyi ba, idon da ke gefen tabon ya tafi. Matarsa ta zauna a bakin gado ba ta amsa gaisuwar kowa daga gidan Kafinta. Edita takan zo ta tsaya, ta ajiye abin da ta kawo, ta fita. Kafinta ya zo sau ɗaya. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da hularsa a hannu, yana kallon ƙafafun ƙaninsa da suka leƙo daga ƙarƙashin zane. Ma'aikaciyar jinya ta ce ya shiga ko ya ba da hanya. Ya ba da hanya.

'Yan babur suka daina maganar. Wasu sun ce an yi kuskure, wasu sun ce taurin kai ne ya hana shi faɗa. Mai aski, da labari ya kai masa, ya sauke allonsa ya shigar da shi ciki. Auta dai shiru.

Wata rana da hantsi Edita ta ji takun ubanta a matakala, yana hawa yana hutawa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Maigida ya gaishe shi ya fice ya ba su wuri. Ya zauna a kujerar baƙi.

"Uwata, kunna mini. Mai tsallen."

Ta kunna na asali. Babur yana nan, yana can, yana can gaba. A hoto na ƙarshe rabin tayar baya ce kawai ta rage a gefen gilashi, da ɗan gefen rigar fasinja. Bayan shi sai titi, da wata akuya da ta tsaya tana kallon kyamara.

"Sake nuna mini harafin."

Ta nuna masa. Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Na gane yanzu," in ji shi. "Ita na'urar tana duba abin da ya wuce, ta faɗi abin da ido bai gani ba."

"Ba faɗa take ba, Baba. Zato take yi."

"To ta yi mini zaton." Ya matso da kujera, ya ɗora yatsa a kan rabin tayar. "Daga nan. Ki danna mata abin nan, ta zana mini inda ya nufa. Ko ba daidai ba ne. Ko kwana ɗaya ce ta nuna mini ya sha, dama ko hagu, in sami inda zan fara."

Edita ta dubi yatsan ubanta a kan gilashi, farcen ya tsage, da tsohon yankan zarto a gefe.

"Ba za ta iya ba, Baba. Sai da hoto biyu take aiki, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Sai ta san inda abu ya isa kafin ta zana hanyarsa."

"Mu kuma ba mu da na gaba."

"Ba mu da shi."

Bai ɗauke yatsan ba. Ya ce ta mayar da shi farko, tun daga gidan mai, inda Auta yake wasa da makulli. Ta mayar. Da ya ƙare ya ce ta sake.